Fararen Ɓerayena da Kofin Kunun Jethro

Masu karatu, kafin ku cika min waya da "Becky kin cika taurin kai", ku zauna tukuna ku ji abin da ya faru ranar Asabar. Ga wanda yau ya fara bin labarina, sunana Becky, gidanmu yana Mahuta, ina digiri na biyu a kan ilimin jini, kuma ni ce wadda duk layinmu suke kira Mai Ɓeraye. Shekarata ashirin da tara, wanda a lissafin Mamata daidai yake da hamsin.

Ɓerayen gaskiya ne, ba sharrin maƙwabta ba ne. Farare ne tas, su goma sha takwas, kuma zinare nake yi musu allura da shi. Ba irin na ɗan kunne ba. Wannan an mai da shi ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsa, yana yawo a cikin ruwa, ruwan kuma ja wur kamar zoɓo. Na san abin da kuke tunani. A'a, babu wanda ya sha, don na rubuta GUBA da manyan baƙaƙe a jikin kwalbar kafin in sa ta a firji. Na san halin mutanen gidanmu da abin sha mai sanyi.

Masana suna so su riƙa ɗora magani a kan irin wannan zinaren su aika shi cikin jiki, har da maganin ciwon daji. Amma kafin a ɗura wa ɗan Adam, dole wani ya tsaya ya tambaya: me yake yi wa jini? Jajayen ƙwayoyin jini raguwa suke yi ko lalacewa? Fararen ƙwayoyin, waɗanda su ne sojojin jiki, tashi suke da faɗa ko kwanciya suke yi? Wannan tambayar ita ce aikina. Na raba ɓerayen keji uku. Keji na farko ruwa zalla nake ba su, na biyu zinare kaɗan, na uku zinare da yawa. Don kada wani ya tsallaka gidan wani in rasa gane shi, sai na shafa musu GV, maganin nan mai launin shuni da ake sa wa ciwo. 'Yan ruwa a ka, 'yan kaɗan a gadon baya, 'yan da yawa a gindin wutsiya. A ƙarshe sai in ɗebi jininsu in kwatanta. In ban san wa ya sha me ba, babu abin da zan kwatanta.

Da ma a makaranta suke. Sai ma'aikata suka tafi yajin aiki aka garƙame ɗakin dabbobi, malamata Dokta Eunice ta ce in kwashe su in kai gida kada su mutu. Haka na shigo da su Mahuta a keke napep, na ajiye su a tsohon ɗakin kajin marigayi Babana da ke bayan gida. Ranar Mama ta kira Yesu ya fi sau goma.

Ku fahimci Mama Lydia. Mace ce da ta taɓa korar ɓarawo da muciya, amma ta ga ɓera a bikin godiyar girbi ta haye tebur da zaninta na zumuntar mata, a gaban Fasto da kowa. Tun da ɓerayena suka zo ba ta sake bi ta bayan gida ba. Ko shanya za ta yi sai ta zagaya ta gaba.

"Sa'o'inki suna goyon yara, ke kina goyon ɓera," in ji ta kullum safe. "Wai har da zinare! Ni da na haife ki ban taɓa sa zinare a wuyana ba."

"Mama, bincike ne."

"To ki binciko miji."

Abin da na saka rai a kai shi ne wannan. Dokta Eunice ta ce wani ɗakin bincike a Afirka ta Kudu suna neman mutum ɗaya da zai yi shekara uku yana wannan aikin, in sakamakona ya fito kafin ƙarshen wata sunana za ta tura. Ruwan zinaren kuma kwalba ɗaya ce tak, wani abokin aikinta ya aiko mata daga waje. Allurar ƙarshe ta faɗo ranar Asabar da safe, ɗiban jini ranar Litinin. Asabar ɗin nan kuma ita ce ranar da dangin Jethro suka tsayar za su zo gaisuwa gidanmu.

Jethro mai haɗa sola ne, shagonsa yana Sabon Tasha, kuma shi ne mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Dogo, gemu a gyare, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Ta dalilin ɓerayen ma muka shaƙu. Lokacin da aka ɗauke mana wuta kwana da kwanaki, na je shagonsa kamar zan yi kuka saboda kwalbar da ke firji. A ranar ya hau rufin gidanmu da kansa ya kafa mana sola. Ku gaya min, 'yan'uwana mata, namijin da ya hau kwano da tsakar rana saboda zinaren ɓerayenki, ba za ki ce Allah ne ya aiko shi ba?

Shi kaɗai ne ya taɓa shiga ɗakin kajin ya tsaya ya saurare ni. Na nuna masa kejin ɗaya bayan ɗaya, na nuna masa shunin kai da na baya da na wutsiya, ina ta zuba kamar rediyo.

"In alamar ta goge fa?" ya tambaya.

"Ai suna keji dabam-dabam."

"In kuma sun haɗu?"

"Sai dai a binne ni," na ce ina dariya.

Ya girgiza kai ya ce, "Becky, wannan kan naki yana ba ni tsoro." Ni kuwa na ɗauka yabo ne, har na kwana ina murmushi. Da na gaya masa maganar Afirka ta Kudu, sai ya shafa gemu, ya ce, "Za mu yi addu'a a kai." Duk macen da ta girma a coci ta san ma'anar wannan maganar a bakin namiji. Ni ce kawai na yi kamar ban sani ba.

To, Asabar ta zo. Da sassafe na yi wa ɓerayena allurar ƙarshe, na wanke kwalbar da ta ƙare, na kulle ɗakin. Ban gama wanke hannu ba Mama ta tura ni Sabon Tasha wurin gyaran gashi tare da ƙanwarta Anti Vicky, wadda aka ba aikin tsare ni kamar fursuna.

"Kada ku dawo sai ta zama mutum," in ji Mama.

Ina zaune mai kitso tana jan fatar kaina kamar da ma tana da haushina, sai ga saƙon Jethro.

"Sarauniyata, kin tashi lafiya? Zan leƙa gidanku in duba inbata, na'urar solar nan, saboda lasifikar taron yau."

Na rubuta, "Allah ya saka. Ka gaida Mama."

"Kada ki yi gaggawa. Ki yi kyau sosai, yau ranarki ce."

Har na nuna wa Anti Vicky saƙon. Ta dafa ƙirji ta ce, "Irin waɗannan mazan sun ƙare a kasuwa, Becky. Ki riƙe shi da hannu biyu."

Mun dawo wajen azahar. An kafa kanofi a ƙofar gida, kujerun roba a jere, matan zumunta cikin ankonsu suna ta fama da tukwanen jalof da gwaten acca, hayaƙi ya cika layi. Ni kuma ga ni cikin leshi ruwan goro mai duwatsu, gwaggwaro ya kusa taɓa saman ƙofa, an liƙa min gashin ido har ina jin iskarsa in na ƙifta. Mama ta fito daga kicin ta dube ni sama da ƙasa, idonta ya kawo ruwa. Da ta ɗaga hannu za ta gyara min sarƙa sai na ga yatsunta duk shuni.

"Mama, me ya same ki?"

"Wuƙa ce ta yanke ni wajen kabeji, na sa GV. Ba komai. Wuce ɗaki kada ki yi zufa."

Ban wuce ɗaki ba. Na tattara leshina na zagaya baya don in canza wa ɓerayena ruwa. Tun daga nesa na ga kwaɗon a buɗe.

Kejin nan uku an jera su a kan juna, babu kowa a ciki, an ɗora akwatunan lemo a kai. A tsakar ɗakin ga babbar robar wankin Mama, an rufe ta da ragar waya an danne da dutse. Na ɗaga. Duka goma sha takwas ɗin suna ciki suna hawa kan juna, lafiyarsu ƙalau, farare fes kamar ranar da aka haife su. Na ɗauki ɗaya na juya shi, ba komai a ka, ba komai a baya, ba komai a wutsiya. Na ɗauki na biyu. Na ɗauki na uku. Ɗakin yana warin sifirit, kwalbar sifirit ɗina kuma tana gefe babu ko ɗigo, ga tulin auduga mai shuni a cikin kwandon shara.

Ban yi ihu ba. Na zauna a kan akwatin lemo da leshina da gwaggwarona. Wata guda ina tashi kafin kowa, ina auna su, ina share kashinsu, ina lallashinsu kafin allura. Har sunaye na ba wasu. Yanzu duk sun zama abu ɗaya.

Na sami Mama a bakin murhu.

"Wa ya shiga ɗakin kaji?"

"Wuri muke nema na ajiye lemo," ta ce ba ta dube ni ba. "Na ba masu kanofi makullina na ce su gyara."

"Masu kanofi ne suka yi wa ɓera wanka da sifirit?"

"Ni ina na sani? Ko sun ga datti ne a jikinsu. Ke dai ba a yi miki gwaninta. An mutu ne? Ba ga su nan da rai ba?"

"Mama, an kashe min aiki!"

"Rage murya, mutane suna jin ki. Yau ba ranar ɓera ba ce."

Na shiga banɗaki, don nan ne kaɗai ba kowa, na kira Dokta Eunice. Ta saurare ni har na gama, ta yi ajiyar zuciya.

"Dokta, in na ɗebi jinin duka, ai zan iya gane waɗanda jininsu ya canza in ce su ne 'yan zinare."

"Ki saurari abin da kika faɗa, Becky. Tambayarki ita ce ko zinare yana canza jini. In kika zaɓi masu canjin kika ce su ne 'yan zinare, ke kika rubuta amsar, ba jinin ba. In ba ki san wa ya sha me ba, ba ki da bincike. Ɓeraye kawai gare ki."

"Babu sauran ruwan zinaren?"

"Kin fi kowa sani," in ji ta. "Ki je ki sallami baƙinki. Za mu yi magana Litinin."

Wa zan kai wa kukana in ba masoyina ba? Na rubuta wa Jethro komai, gashin idon da aka liƙa min yana neman ɓallewa. Amsa ta zo nan take, kamar da ma wayar tana hannunsa.

"Yesu! Sannu masoyiya. Mutane ba su da hankali."

"Jethro, na shiga uku. Komai ya tafi."

"Kwantar da hankalinki. Ki raba su uku kawai ki sake shafa musu. Ɓera ɓera ne, wa zai sani?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, na tsaya a kan wannan saƙon. GV yana nan a ɗakina. Minti kaɗan ne aikin. Babu mai sani sai ni da robar wanki. Har na ga kaina a jirgi. Sai kuma na tuna cewa wata rana wani likita zai iya karanta abin da na rubuta ya gaskata, ya ɗura wa uwar wani. Na rubuta, "Ba zan iya ba."

Sai ga wani saƙon, har da hoton hannuwa biyu na addu'a.

"To wataƙila Ubangiji ne yake magana da ke, Becky. Ƙila tafiyar nan ba nufinsa ba ce. Gida ma akwai albarka."

Ubangiji da sifirit da auduga. Amma a lokacin ban yi wannan tunanin ba, kuka kawai na yi. Anti Vicky ta buga ƙofa ta ce baƙi sun iso, ta ja ni ɗaki ta sake shafe min fuska da hoda tana cewa duk amarya haka take kuka.

A falonmu an cika maƙil. Dangin Jethro a gefe guda, kawunansa da manyan riguna, gwaggwanninsa suna fifita da hankici. A namu gefen ga Baba Ishaya, ƙanen mahaifina, wanda yake tsaye a matsayin uba tun rasuwar Babana, ya sha hular da ba ya sawa sai ranar Kirsimeti. An yi addu'a mai tsawo. An yi wasan da aka saba, su ce sun ga wata fure a gidan nan, Baba Ishaya ya ce gidan nan furanni da yawa, wacce a ciki. Aka yi ta dariya kamar yau aka fara jin wannan zancen. Jethro yana zaune a tsakiyar 'yan'uwansa cikin farar shadda mai aiki a wuya, kai a sunkuye, hannuwansa a cikin babbar riga. Gwaggwanni suna ta raɗa, "Dubi kunya, dubi tarbiyya."

A danginmu ba a tambayar yarinya da baki. Uba ne yake zuba kunu a kofi ya ba ta. Ta kurɓa, ta je ta durƙusa ta miƙa wa wanda ta yarda da shi, shi kuma ya karɓa da hannu biyu ya shanye a gaban kowa. In ya shanye, magana ta ƙare.

Baba Ishaya ya cika kofin da kunun gyaɗa ya miƙo min.

"'Yata, ga mutane sun zo. In kin san wanda ya kawo su, nuna mana shi."

Na kurɓa. Na taka a hankali saboda takalmin da Anti Vicky ta zaɓa min. Gaskiya a wannan lokacin zuciyata ta riga ta sallama. Na ce a raina, aikin ya tafi, Afirka ta Kudu ta tafi, aƙalla ga mutumin da ya hau kwano saboda ni. Na durƙusa a gabansa na ɗaga kofin. Matan zumunta suka fara guɗa tun daga ƙofa.

Jethro ya zaro hannu ɗaya.

"Hannu biyu, ɗana!" in ji kawunsa. "Ba shayi ake ba ka ba."

Aka yi dariya. Ya zaro ɗayan.

Ya yi ƙoƙari, wannan kam zan ba shi. Fatar yatsunsa ta yi fari ta tattare saboda dirza, warin bilic, ruwan nan mai cire tabo, yana tashi ta ƙarƙashin turaren. Amma duk wanda ya taɓa aiki da GV ya san halinsa. Yana barin tafin hannu, ba ya barin farce. Kowane farce na Jethro, duka goman, an zagaye shi da shuni kamar an zana da biro.

Na dubi farcen, na dubi fuskarsa. Ya yi min murmushin nan nasa na mawaƙin coci, ya ce ƙasa-ƙasa, "Becky, mutane suna kallo."

"Ina gani," na ce. "Inbatan ne ya yi maka haka?"

Ya miƙo hannu zai karɓi kofin.

Masu karatu, ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na dai ga na kafa kofin a bakina, ina durƙushe a gabansa, na shanye kunun nan tas har da guntun shinkafar da ke ƙasa. Guɗar ta tsaya a tsakiya. Na goge bakina da bayan hannu, na tashi, na mayar wa Baba Ishaya kofinsa.

"Becky!" ya ce. "Wannan wane irin abu ne?"

"Ƙishirwa nake ji, Baba. Ku tambaye shi abin da ya taɓa yau da safe a bayan gidan nan."

Falo ya kaure. Wata gwaggon Jethro ta ce da ma an gaya musu boko ya taɓa min kai. Anti Vicky tana ta cewa wasa nake yi, wasan yaran zamani ne. Jethro ya mayar da hannuwansa cikin riga, wanda ya fi komai tona masa asiri. Sai ga Mama ta ratso mutane ta damƙe min hannu za ta ja ni ɗaki.

"Za ki kashe ni a gaban mutane? Wuce mu je!"

Na dubi hannun da ya riƙe ni. A nan ne wani abu ya faɗo min wanda ya kamata ya faɗo min tun a ɗakin kaji. Ba a goge wa ɓera kai da hannu ɗaya. Ni da na saba da su ma, sai wani ya riƙe min. Dole mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya goge.

Na kama hannun Mama na juya shi. Na duba babban yatsa, na duba manuni, na duba tsakanin yatsu, na duba tafin. Shuni ko'ina, har da 'yan ƙananan karce irin na farcen ɓera a bayan hannun.

"Mama, ina yankan wuƙar?"

Ta yi ƙoƙarin janye hannun, na riƙe. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta ce na raina ta, ko ta kira Yesu kamar yadda ta saba. Sai kawai ta dube ni.

"Shekara uku, Becky," ta ce a hankali. "Ubanki ya tafi ya bar ni a gidan nan. Ke ma ki tafi?"

Da zagina ta yi, da na san abin da zan ce. Na zo da fushin da zai ishi kowa a falon nan, amma ban zo da na wannan ba. Matar da take hawa tebur in ta ga ɓera ta tsaya ta riƙe goma sha takwas da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, suna karce ta, don kada in tafi.

Ina riƙe da hannunta har yanzu sai na ji ƙarar zuba abu a bayana. Baba Ishaya ne, wanda bai gane komai ba sai cewa ana jin kunya a gidan ɗan'uwansa. Ya sake cika kofin har baki, ya miƙo min.

"'Yata," ya ce, "wancan mun ɗauka kuskure ne. Ga wani."